Ɗalibin Jeka-ka-dawo: Rabi a Aji, Rabi a Tasha

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanya a Kademi da sanyin safiya ya san su. Ana sallame sallar asuba za ka ga suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, jaka a rataye, waya a hannu, ido a kan hanya. A cikinsu akwai waɗanda tun da duhu ɗan acaɓa ya ɗauko su daga ƙauyukan da ke ciki. Wani Wudil ya nufa, wani Dutse, wani kuma Kano. Haka abin yake a Gaya, haka yake a Ajingi, haka a Balare da Toranke da Shagogo da Kazurawa. Bayan magariba ko isha'i za ka sake ganinsu sun dawo, fuska ta yi furu-furu da ƙura, ba mai sauran ƙarfin tsayawa doguwar gaisuwa. Waɗannan su ne ɗaliban jeka-ka-dawo na manyan makarantu. 'Ya'yanmu ne da ƙannenmu, kuma da yawa daga cikinmu ta wannan hanyar muka bi kafin mu karɓi takardar da muke taƙama da ita yau.

Maganar da muka zo da ita ba za ta yi wa wasu daɗi ba, amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mun daɗe muna yaudarar kanmu cewa yaron da ke tashi daga gida kullum ya yi tafiya mai nisa zuwa jami'a ko kwaleji, karatu ɗaya yake yi da wanda ke kwana a cikin makaranta. Ba haka ba ne. Suna zama aji ɗaya, suna rubuta jarrabawa ɗaya, suna karɓar takarda iri ɗaya, amma ɗaya ya yi jami'a, ɗayan kuwa leƙa ta ya yi. Kuma wannan rashin adalci ba daga sama ya faɗo ba. Hukumomi ne da iyaye da masu hali da mu kanmu muka haɗu muka amince cewa ɗakin kwanan ɗalibi da motar da za ta kai shi makaranta kayan alatu ne, in an samu to, in ba a samu ba ba komai.

Lokacin da aka buɗe Jami'ar Kimiyya da Fasaha a Wudil a shekarar 2001, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Dangote, mun yi murna, mun ce nesa ta zo kusa. Da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 muka ƙara murna, domin yanzu ƙasar Gaya tana tsakanin jami'o'i biyu, ɗaya yamma ɗaya gabas. Murnar tana kan hanya, don yara da yawa da ba su taɓa mafarkin digiri ba sun samu shiga. Sai dai a cikin murnar muka ɗauki wani kuskure muka rungume. Muka ce tunda makaranta ta matso, ai ba sai yaro ya tare a can ba, ya riƙa zuwa yana dawowa. Mun manta cewa kusa a wurin mai motar kansa daban, kusa a wurin wanda zai hau acaɓa zuwa bakin titi, ya jira mota ta cika, ya sauka ya sake neman abin hawa, ita ma daban. Masu zuwa Kano kuwa, Jami'ar Bayero ko Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, yawanci sai dai su raɓa a gidan wani ɗan'uwa a Mariri ko Hotoro, daga can ma sai sun hau ɗan sahu biyu ko uku kafin su ga ƙofar makaranta.

Mu fara da lokaci, tunda shi ne jarin ɗalibi. Mu ɗauka yaro yana ɓata awa ɗaya da rabi wajen zuwa, haɗe da jiran mota, awa ɗaya da rabi wajen dawowa. Wanda ya san tasha ya san ba mu yi ƙari ba. Awa 3 ke nan a rana, awa 15 a mako. Idan zangon karatu mako 15 ne, ya zama awa 225. A shekara, zango biyu, awa 450. A shekara huɗu ta digiri, awa 1,800. In ka raba da 24 za ka samu kwana 75 cur, dare da rana, yaro yana matse a kujerar mota ko yana tsaye a rana yana jiran ɗan kamasho ya gama lodi. A cikin waɗannan awoyi abokin karatunsa da ke kwana a makaranta ya shiga laburare, ya maimaita darasi da 'yan ajinsu, ya je ofishin malami ya yi tambaya, ya buga ƙwallo, ya yi barci isasshe. Ranar Juma'a kuwa, da kasuwar Wudil take ci, motocin shanu da na kaya suka cika hanya, lissafin nan namu ma sai ya zama wasa.

Wani zai ce ai yana iya karatu a cikin mota. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama mutum na huɗu a kujerar mutum uku ba, gwiwa a ƙirji, buhun masara a ƙafa, rediyon direba a kunne. Abin da yaro ke iya yi a wannan hali bai wuce latsa waya ba. Kuma gajiyar hanya ba ta ƙarewa da saukowa daga mota. Ita ke bin sa aji, ya zauna yana gyangyaɗi a laccar farko. Ita ke bin sa gida da dare, ya buɗe littafi barci ya kwashe shi a shafi na biyu. A gida kuma ba a ɗauke masa komai ba: akwai aike, akwai gona da damina, akwai ɗaurin aure da jana'iza da ba ya isa ya ƙi zuwa tunda ana ganinsa a gari. Ɗalibin da ke gida kowa yana ganin yana nan, don haka kowa yana da haƙƙi a kan lokacinsa.

Sai kuɗi. Babbar hujjar da ake kafawa da ita wajen barin yaro a gida ita ce sauƙi: ba kuɗin ɗaki, ba kuɗin abinci. Wannan lissafin ya mutu tun ranar 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Direba ba daga aljihunsa zai cike giɓin ba, a kan fasinja zai ɗora. Gwamnatin Kano ta rage kuɗin rajista da rabi a manyan makarantunta a shekarar 2023, kuma mun yaba. Amma kuɗin rajista sau ɗaya ake biya a shekara, kuɗin mota kuwa kullum ne, safe da yamma. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata don ɗawainiyar kansa. Raba wannan kuɗi a kan kwana 22 na zuwa makaranta, za ka samu kusan naira 900 a rana. A ciki za a hau acaɓa, a hau mota, a dawo, a ci abinci, a sayi data, a buga takardu. Wanda ya iya wannan rabon ya zo ya koya mana.

Me yaro yake yi idan kuɗin bai kai ba? Zaɓe yake yi. Ya duba jadawali ya ce Litinin da Laraba akwai malamai masu tsanani, zan je; Talata da Alhamis a bar wa Allah. Ya roƙi aboki ya rubuta masa suna a takardar halarta, ya turo masa hoton abin da aka rubuta ta WhatsApp. Galibin manyan makarantunmu suna sharɗanta halartar kashi 75 cikin ɗari na laccoci kafin a zauna jarrabawa. Ma'ana tun a shekarar farko mun koya wa yaron nan cewa ba zai tsira ba sai da 'yar ƙarya. Ga shi ya rasa darasi, ga shi ya koyi maguɗi, duk a dalilin kuɗin mota. Daga baya idan sakamako ya fito da rauni, mu ne za mu zauna a majalisa muna cewa yaran yanzu ba sa son karatu.

Akwai abubuwan da muka gani da idonmu a makarantun da muka yi, ba sai mun kama suna ba, don ba wuri ɗaya ba ne. Mun ga malamin da ke sa lacca ƙarfe bakwai na safe, ya kulle ƙofa bakwai da minti biyar, alhali shi a cikin makaranta gidansa yake. Mun ga wanda zai aiko saƙo ta hannun wakilin aji da ƙarfe goma na dare cewa gobe Asabar akwai gwaji. Mun ga ranar da muka kashe kuɗin mota na zuwa da dawowa, muka zauna tun hantsi har azahar, sannan aka ce malam ya yi tafiya. Wanda ke hostal tsaki kawai zai yi ya koma ɗaki. Wanda ya taso daga Ajingi kuwa kuɗin cefanen gidansu na yini ne ya tafi a banza. Ba mu ce duk malamai haka suke ba. Mun ga waɗanda suka riƙa ba ɗalibai kuɗin mota daga albashinsu. Abin da muke cewa shi ne tsarin gaba ɗaya an gina shi ne kamar kowane ɗalibi a bayan aji yake kwana, alhali kowa ya san gadajen da ke akwai ba su kusa isar masu nema ba.

Amma babbar asarar ba a aji take ba. A ranar yaye ɗalibai, jami'o'in ƙasar nan suna shelanta cewa sun ba mutum digiri ne bayan sun same shi ya cancanta ta fuska biyu, ɗabi'a da ilimi. Ilimi mun ji, ana auna shi da jarrabawa. Ɗabi'ar fa, a ina aka koyar da ita, a ina aka auna ta? Ba a allo ake rubuta ta ba. A ɗakin kwana ake koyonta, inda ɗan Kademi zai zauna da Bayarabe da Tibi da Babarbare, ya koyi haƙuri da abin da bai saba ba. A ƙungiyar ɗalibai ake koyonta, inda zai tsaya takara ya faɗi, ya sake tsayawa, ya riƙe kuɗin jama'a ya ba da bayani. A muhawarar dare ake koyonta, da karatun rukuni, da da'irar Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi bayan sallar magariba, da filin wasa da yamma. Duk waɗannan abubuwa suna farawa ne daga la'asar zuwa dare, daidai lokacin da ɗan jeka-ka-dawo ya rungumi jaka yana sauri kada motar ƙarshe ta bar shi.

Sakamakon haka muna ganinsa a garuruwanmu. Yaro ya gama digiri, amma a ce ya tashi ya yi jawabin minti biyar a gaban mutane sai gumi ya karyo masa. Bai taɓa jagorantar taro ba, bai taɓa rubuta wasiƙar ƙorafi ba, bai san kowa ba sai waɗanda suke hawa mota tare. Malamansa ba su san fuskarsa ba, balle ranar da yake neman wanda zai rubuta masa takardar shaida ko ya gaya masa inda ake ɗaukar aiki. Kowa ya san yadda ƙasar nan take: da yawa daga cikin ayyuka da damammaki ta hanyar abokan makaranta ake jin labarinsu. Ɗan birni ya fita da digiri da abokai a jihohi goma. Ɗan ƙauye ya fita da digiri da lambar wayar direbobi. Daga nan sai a ce 'yan karkara ba su da wayewa, kamar ba mu ne muka rufe musu ƙofar inda ake samunta ba.

Wannan magana ba mu muka fara ta ba. Masana harkar ilimi a Amurka sun daɗe da bincike a kanta. Arthur Chickering ya fitar da littafi a 1974 yana kwatanta ɗalibai masu zuwa daga gida da masu kwana a makaranta, ya nuna na biyun sun fi cin moriyar zaman jami'a. Alexander Astin ya bayyana a 1984 cewa abin da ɗalibi ke samu a makaranta gwargwadon lokaci da ƙarfin da ya zuba a cikin rayuwarta ne, kuma zama a cikin makaranta yana daga cikin abubuwan da ke taimaka wa ɗalibi ya kai ƙarshen karatunsa. Vincent Tinto, a littafinsa na 1987, ya nuna cewa ɗalibin da bai saje da mutanen makaranta ba, malamai da 'yan'uwansa ɗalibai, ya fi saurin ajiye karatu. To, wannan a ƙasar da ɗalibi da yawa ke tuƙa motar kansa a kan titi mai kyau ke nan. Ina ga wanda ke jiran mota ta cika a tashar Gaya?

Ba ma sai mun je Amurka ba. Magabatanmu sun san karatu sai da zama. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas ya zauna tare da shi. Almajirin ilimi a zaure ba baƙi kaɗai yake ɗauka ba, yana kallon yadda malam ke magana, yadda yake karɓar baƙo, yadda yake yanke hukunci. Da boko ya zo ma haka aka yi. Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920 makarantar kwana ce, kuma a can Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, nesa da garuruwansu. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka kafa a 1977 na kwana ne, kuma su suka samar wa Kano likitoci da injiniyoyi masu yawa, cikinsu har da 'ya'yan talakawan ƙauye. Ga kwalejin kimiyya nan a garin Gaya a gabanmu. Yaya muka yarda yaro ɗan shekara goma sha biyar yana buƙatar zama a makaranta don ya mai da hankali, amma idan ya shiga jami'a, inda karatun ya fi nauyi, sai mu ce ya riƙa yi daga tasha?

Idan abin ya zo kan 'ya'ya mata, zaluncin ninki biyu ne. Namiji in dare ya yi masa yana iya kwana a masallaci ko ya raɓa a ɗakin aboki. Mace ba ta da wannan. Dole ta bar aji da wuri, ko da ana tsakiyar aikin gwaje-gwaje, don ta isa gida kafin magariba. In ta makara, ga tsoron hanya, ga bakin mutanen unguwa. Kafin ta fito da safe ta yi shara da wanke-wanke, in ta dawo tukunya na jiranta. In matar aure ce, da goyo take shiga motar. Da yawa daga cikin waɗanda muka sani ba faɗuwa jarrabawa ce ta fitar da su daga makaranta ba, hanya ce ta gajiyar da su, ko ta gajiyar da iyayensu, aka ce ta haƙura haka nan. Bayan haka kuma mu dawo muna kukan babu ma'aikaciyar jinya mace a asibitin garinmu, babu malama mace a makarantar 'yan mata. Daga ina za su fito?

Mun san amsoshin da za a ba mu, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ba. Ta farko ita ce ta iyaye: hostal yana lalata tarbiyya, gara yaro ya kwana a gabanmu. Tsoron nan yana da tushe, don an ga waɗanda suka tafi da hankalinsu suka dawo da shaye-shaye. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: yarinyar da ke ɗakin kwanan mata mai katanga da mai gadi da dokar rufe ƙofa, da wadda ke tsaye ita kaɗai a bakin titi bayan magariba tana tsayar da duk motar da ta zo, wacce ce ta fi zama cikin hatsari? Kuma lalacewar da ake tsoro yau a cikin waya take, tana shiga har ƙuryar ɗakin uwa. Tarbiyyar da ba za ta iya kwana ɗaya a bayan idon iyaye ba, da ma can ba ta kafu ba. Wanda za a tura hidimar ƙasa wata jiha mai nisa bayan digiri, gara ya fara koyon riƙe kansa a Wudil, inda mahaifinsa zai iya zuwa ya duba shi ya koma a yini ɗaya.

Amsa ta biyu ita ce ɗakunan kwanan ma ba su da kyau: cunkoso, ƙarancin ruwa, banɗaki ba tsafta. Gaskiya ne a wurare da yawa. Amma wannan hujja ce ta a gyara su a kuma ƙara gina wasu. Ba wanda ke cewa tunda asibiti ya cika a daina kwantar da marasa lafiya. Amsa ta uku ita ce ta masu cewa wahala ita ke gina mutum, mu ma haka muka yi, ga mu mun zama mutane. Wannan ita ce ta fi ba mu haushi, don daga bakinmu take fitowa, mu da muka sha wahalar. Muna ƙirga kanmu da muka tsallake, ba ma ƙirga waɗanda muka fara tare suka zube a hanya, waɗanda yanzu suke acaɓa ko suke zaune a ɗaki da takardar shiga jami'a a ƙasan akwati. Sai an sha wuya akan sha daɗi, haka ne, amma wuyar karatu ake nufi. Wuyar jiran mota ba ta ƙara wa kowa ilimi.

Amsa ta huɗu ta 'yan zamani ce: ai yanzu komai yana intanet, a riƙa yin lacca ta waya. Mu ma muna son hakan a matsayin taimako. Amma wayar na buƙatar caji, cajin na buƙatar wuta, data na buƙatar kuɗi, kuma akwai ƙauyukan da sai an fita bayan gari ake samun sabis. Ko an warware duk wannan, waya ba za ta koya wa ɗalibin injiniya riƙe kayan aiki ba, ba za ta koya wa ɗalibin aikin gona gwajin ƙasa ba, ba za ta ba shi abokin da za su yi gardama har tsakar dare ba.

To mene ne abin yi? Mu fara da wanda ba ya cin ko kwabo. Hukumomin makarantu su tsara jadawali da sanin cewa ɗalibai da yawa daga nesa suke zuwa: kada a sa lacca kafin ƙarfe takwas ko bayan ƙarfe biyar, kada a yi gwajin ba-zata, kuma in malami ba zai zo ba a sanar tun daren jiya. A tattara laccocin aji a kwana uku ko huɗu a maimakon a warwatsa su awa ɗaya yau, awa ɗaya gobe. A ware wani lokaci da rana, ko sau ɗaya a mako, wanda babu lacca a cikinsa, don tarukan ƙungiyoyi da wasanni, yadda ɗan jeka-ka-dawo zai samu shiga. Wajen rabon gado kuma a daina cewa wanda ya riga shiga shafin rajista shi ya samu, don wannan gasar masu kyakkyawan sabis ce. A duba nisan gida, a fara da mata da 'yan shekarar farko da masu buƙata ta musamman.

Sai wanda ke buƙatar kuɗi. Asusun TETFund, wanda ake tara masa haraji daga ribar kamfanoni, ya gina ɗakunan lacca da ofisoshi a kusan kowace babbar makarantar gwamnati, duk inda ka shiga za ka ga sunansa a bango. Muna so mu ga wannan suna a jikin ɗakunan kwana da yawa kamar yadda muke ganinsa a jikin manyan zaurukan taro. Ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi su ma suna da rawar takawa. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Bas biyu ko uku da za su riƙa tashi a kan lokaci, safe da yamma, a kan rabin farashi ga mai katin ɗalibi, ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. 'Yan siyasar da ke saya wa yara fom ɗin JAMB a ɗauki hoto, mun gode, amma fom ƙofa ce kawai. Wanda ya tura yaro cikin kogi, ya kamata ya tambaya ko akwai kwalekwale.

Mu ma ba mu fita ba. Kusan kowane gari a ƙasar Gaya yana da ƙungiyar ci gaba da ƙungiyar ɗalibai da guruf na WhatsApp da ake kwana ana musun siyasa. Me zai hana mutanen Kademi su haɗa kuɗi su kama gida guda a Wudil, wani a Dutse, a sa dattijo amintacce ko dattijuwa ta kula da shi, 'ya'yan garin su zauna a ciki? Wannan ya warware tsoron tarbiyya, ya kuma warware matsalar hanya. Masu hali da ke neman sadaka mai gudana, ga ta nan. Musulunci ya san waƙafi tun farko, kuma Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi. Gari mai masallatai biyar a layi ɗaya, in attajirinsa ya gina ɗaki goma ya tsayar da su don ɗalibai, muna kyautata zaton ladansa ba zai gaza ba. Iyaye kuma, in har dole yaro ya zauna a gida, a ɗauke masa wasu hidimomin, a ɗauka cewa yana bakin aiki ne ko da ana ganinsa a tsakar gida.

Ku kuma ɗalibai, kafin a gyara, kada ku sallama. Ku haɗu ku yi shata da direba ɗaya, ya san lokacinku, ku san farashinsa. Ku zaɓi ko ƙungiya ɗaya ku shiga, ko da sau ɗaya a mako za ku kwana a wurin aboki saboda ita. Ku je ofishin malami ku gabatar da kanku, ya san sunanku da garinku. Ku rubuta wa shugaban sashe a kan jadawali, da ladabi, da sa hannun kowa. Wanda bai yi magana ba, ana ɗauka ya gamsu.

Tarihin baka ya ce daga Gaya maƙera suka tashi suka je suka zauna a gindin dutsen Dala saboda tama, kuma daga zamansu Kano ta samo asali. In haka ne, mu ya kamata mu fi kowa sanin abin da kowane maƙeri ya sani: ƙarfen da ake sa wa a wuta a zare, a sa a zare, ba ya yin ja balle ya zama garma. Sai an bar shi a ciki ya ɗauki zafi. Shekara huɗu muke da ita mu ƙera yaro, kuma kwana 75 daga ciki muna ƙone su a kan titi, sauran kuma gajiya ta cinye rabi. Gobe da asuba za su sake fitowa bakin hanya. Wanda ya wuce su a motarsa, ko shugaban ƙaramar hukuma ne, ko malamin jami'a, ko attajirin gari, ya sani cewa amsar wannan magana tana wuyansa. Allah Ya ba mu ikon gyarawa.